Ban Kashe 'Ya'yan Aladen Madam Akissi Ba

Zuwa ga Mai Girma Mushe Darakta,
Shugaban kamfanin haɗa abincin dabbobi
da ke bayan tashar jiragen ruwa, Treichville, Abijan.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, da Madam, da yara, da sabuwar motar nan mai sanyi a ciki wadda ka saya a shekarar da ka tara mu ka ce kamfani ba shi da kuɗin gazuwal, wato man dizal. Ina kuma gaida sakatariyarka, wadda ta buga takardar korata da kyau ƙwarai, babu kuskure ko ɗaya a cikinta in ban da abin da ta faɗa.

Idan ka manta da ni, ni ne Ilyasu na unguwar Bracodi a Adjamé, wanda ya yi shekara tara yana gasa waken soya a bayan ɗakin inji, wurin nan da kake wucewa da hankici a hanci. Wata biyu ke nan da ka sallame ni. Takardar ta ce na saki ɗanyen wake da gangan domin in kashe 'ya'yan aladen masu sayen kayanku, wai saboda dalilai na addini. Na kai wannan takarda masana'anta uku ina neman aiki. A biyu an miƙo mini ita ta taga, a ta ukun an raka ni har bakin titi don kada in biya ta wajen buhunansu. Sau huɗu na zo ofishinka, sau huɗu mai gadi ya ce kana taro. Shi ya sa na rubuta a buɗe. Na yi ta da Hausa domin akwai mutane a Adjamé da nake so su ji ta da kunnensu. Taka ta Faransanci tana wurin mai gadi, in an tashi daga taron.

Na ɗaya: ma'aunin zafi.

Bari mu fara da abin da ka karanto a Faransa, tunda da alama ya zube a jirgi kafin ka sauka. Waken soya abinci ne mai gina jiki, amma ɗanyensa yana ɗauke da wasu sinadarai. Wasu suna hana ruwan ciki narkar da abinci, wasu suna kankare bangon hanji. Wuta ce ke kashe su. In wutar ta yi kaɗan, suna nan da ransu. In ta yi yawa, amfanin waken ya ƙone, ka sayar wa mutane gawayi. Tsakanin biyun akwai 'yar tazara ƙarama, kuma saboda ita ne waɗanda suka ƙera gangar gashi suka maƙala mata ma'aunin zafi.

Ma'aunin ya mutu a shekarata ta uku. Allurarsa ta tsaya cak a wuri ɗaya, kuma tana nan har yau, in ka sauke hankicin za ka gan ta. Na rubuta, aka ce an yi odar sabo, yana kan teku. Mushe Darakta, ƙofar kamfanin nan tana kallon tashar jiragen ruwa. Shekara shida ina cin acekena na rana, dambun rogon nan, ina kallon jirage suna shiga suna fita, na shinkafa, na siminti, na motoci irin taka. Wanda ya ɗauko ma'aunina ne kaɗai bai san hanyar Abijan ba.

Abin da ya riƙe kamfanin a shekarun nan bakina ne. Mahaifiyata ta daɗe tana suyar gyaɗa a bakin tashar gbaka, ƙananan motocin haya, ta Adjamé, kuma a gindin kaskonta na tashi. Tun kafin a sa ni lakwal, wato makarantar boko, na san gyaɗar da ta soyu da wadda ta yi ja a baya kawai. Saboda haka duk juyin da ya fito daga ganga, sai in ɗebi ƙwaya uku, in hura, in tauna. Ɗanye yana da ƙarni, yana danƙo a haƙori, yana yaƙushin maƙogwaro. Wanda ya gasu yana karyewa ƙaras, da ƙamshi. Wanda ya wuce yana ɗaci. Kai da kanka ka taɓa kawo wasu baƙi Turawa, ka nuna ni da yatsa ka ce ga ɗakin bincikenmu. Kuka yi dariya, ni ma na taya ku, domin a lokacin na ɗauka yabo ne.

Na biyu: alade komai yake ci.

Da konjonktir ta zo, wato matsin tattalin arzikin nan, kowa ya ji a jikinsa, ban musa ba. Amma kai sai ka ga ya fi sauƙi 'ya'yan alade su ji a nasu. Buhu mai jan layi, wanda muke haɗa wa ƙananan da aka yaye, da can akwai garin madara da garin kifi a ciki. Ka ce sun yi tsada. Ka soke madarar, ka rage kifin, ka cike gurbin da soya. Bai ishe ka ba, sai ka sa makaniki ya ƙara wa ganga gudu, don wake ya rage zama a wuta, gazuwal ya yi auki. Na ce maka waken zai yi ja a baya, cikinsa ɗanye. Ka dafa kafaɗata ka ce, "Ilyasu, alade ne fa. Alade komai yake ci."

Ƙaton alade, wataƙila. Amma ɗan da aka raba da uwarsa jiya, cikinsa bai san komai a duniya ba sai nono. Kai da likita ya hana ka barkono, kai da ba ka shan ruwan famfo sai na kwalba, kai ne ka zauna a kujera mai juyawa ka yanke abin da hanjin ɗan wata guda zai iya ɗauka.

Yanzu zan gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Daga ranar da aka ƙara wa ganga gudu, wani juyin yakan fito a gashe, wani ɗanye, gwargwadon danshin waken da aka sauke daga jirgi. Duk wanda harshena ya ce ɗanye ne, sai in mayar da shi wuta karo na biyu ba tare da ka sani ba. Wata bakwai ina yi maka wannan satar alheri. Kai kuma kana sama kana nuna wa mutane cewa dabararka ta yi aiki, tunda ba wanda ya kawo kuka.

Na uku: azumi.

Saura mako biyu a ga watan azumi na rubuta maka takarda, kwafin kabon ɗinta yana cikin akwatina. Na ce wata mai kamawa bakina a rufe yake daga alfijir zuwa faɗuwar rana. Na ce a shekarun baya ganga tana tsohon gudunta, agogo ya ishe ni, amma bana ba haka ba ne. Na roƙi ɗaya cikin biyu: a kawo ma'auni, ko a mayar da ganga yadda take na kwana talatin. Amsarka ta dawo a gefen takardar da jan biro: kamfani ba ya azumi.

Na gwada ido, na gwada hanci, na fasa ƙwayoyin da dutse ina leƙa cikinsu. Wanda ya fito fili na mayar wuta, amma da yawa ba a gane su sai a baki. Na ba makaniki ya tauna mini, mutumin da ke shan taba kwali biyu a yini, ya ce duk ɗanɗanon katako ne. Sai na riƙa ƙulle ƙwaya uku daga kowane juyi a 'yar takarda, in sa lamba, in cika aljihu, in hau bas in haye gada zuwa gida. In an kira magariba, mutane suna buɗa baki da dabino da kunu, ni kuwa bayan dabino sai in juya baya in kwance ƙunshin abincin alade. Matata ta ɗauka wani sabon maganin basir ne aka ba ni, har ta yi mini sannu.

Kowace safiya ina kawo maka rahoto: juyi kaza da kaza na jiya ɗanyu ne. A lokacin an riga an niƙa, an haɗa, an ɗinke buhu, kamiyo, babbar motar kaya, ya kama hanya. Na roƙi a riƙa jinkirta lodi kwana ɗaya kacal, ka ce masu kiwo suna jira. Rahotannin nan ba su ɓata ba, na ga sakatariyarka tana ɗora kofin kafe a kansu.

Akwai laifina a nan, kuma zan faɗe shi kafin ka nemo shi. Bayan Salla na ji a wajen karatu cewa mai girki in ya matsu yana iya ɗanɗanawa ya tofar, azuminsa bai karye ba, ko da yake ba a so. Da na tambayi limaminmu tun farko, da ya gaya mini. Ban tambaya ba, domin zai ce abincin wa kake ɗanɗanawa, ni kuma shekara tara ina gaya wa unguwa abincin kaji muke yi. Muna yin na kaji, ban yi ƙarya ba, rabin maganar kawai nake ajiyewa a Treichville. Kunya ta hana ni tambaya ɗaya, kuma har in mutu zan riƙa tunawa. Wannan nawa ne. Ganga da madara da ma'auni da jan biro naka ne.

Na huɗu: Madam Akissi.

Saura kwana biyar Salla, sai ga Madam Akissi. Ka san ta, matar nan da mijinta ya rasu ya bar mata garke a hanyar Bingerville, wadda ta daɗe tana sayen buhu mai jan layi ba ta taɓa zuwa wani kamfani ba. Ta shigo da daro a ka, an rufe da zane. Ta sauke shi a teburin sakatariya ta yaye. 'Ya'yan alade uku ne, matattu, fata da ƙashi. Ofis ya watse. Kai kuma ka fito, ka leƙa daron sau ɗaya, sai ka aika a kira ni.

A gabana ka ce mata, "Madam, ga mai wutar nan. Musulmi ne, kin san yadda suke da alade, ga shi kuma watan azuminsu ne." Ko muryarka ba ta yi rawa ba. Na sha ganin mutum yana neman wanda zai jingina wa laifi, amma ban taɓa ganin wanda ya samo shi da sauri irin haka ba. Da irin wannan sauri aka nemo ma'auni, da tuni mun manta da zancen.

Ta juyo ta dube ni ta ce, "Kai Jula, me suka yi maka? Ko hanya ba su taɓa tare maka ba." A Abijan duk mai salla Jula ne, ban gyara mata ba. Na buɗe baki in yi bayani, Faransancin da na yi shekara shida ina koyo a lakwal ya gudu ya bar ni. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na ranar ba. Kafin la'asar takardar korata ta fito.

Na biyar: abin da na gani a cikin hanji.

Bayan Salla na hau gbaka na tafi garkenta, ba wanda ya aike ni. Ta ɗauko tsintsiya, amma likitan dabbobi yana wurin, wani dattijo mai haƙuri, ya ce ta bar ni in yi magana. Na naɗe ƙafar wando na shiga. Manyan aladu lafiyarsu lau, domin nasu buhun daban ne. Ƙananan da suka rage suna tsaye ƙafafu na rawa, gashi a tsaitsaye, bayansu duk zawo. Su leƙa kwano, su ci kaɗan, su koma su kwanta.

Likitan ya buɗe ɗaya da ya mutu da safen nan. Ya yanko ɗan guntun hanji, ya wanke, ya sa a ruwa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Ya ce cikin hanjin lafiyayyen ɗan alade kamar sabon tawul yake, cike da 'yan gasu ƙanana, su ne ke tsotse abinci su kai wa jiki. Wannan kuwa tawul ne da ya ƙare, sumul, ja wur. Abinci yana shiga yana wucewa, dabbar tana ci tana mutuwa da yunwa, sannan ƙwayoyin cuta su tarar da bango a kankare su shige. Ya ƙara da cewa ko waken ya gasu daidai, in aka jibga shi lokaci ɗaya ga ɗan da aka yaye, jikinsa yana ɗaukarsa abokin gaba, hanji ya kumbura. Kaɗan-kaɗan ake saba masa da shi, tare da madara. Madarar da ka soke, ranka ya daɗe.

Daga nan ya ɗebo garin daga buhunku, ya ɗiga masa wani ruwa daga 'yar kwalba. Kafin in ƙifta ido sau goma garin ya yi ɗigo-ɗigon ja. Ya ce alamar ɗanyen wake ke nan, kuma duk mai haɗa abincin dabbobi ya kamata ya ajiye irin wannan kwalba a kan teburinsa. Ba ta kai kwalbar turarenka girma ba. Ana samunta a nan Abijan, ba sai ta hau teku ba, kuma ita ma ba ta azumi.

Na tsaya da hanjin alade a gabana, ni da ba na cin sa, ba na taɓa shi, sai na ji idona ya ciko. Allah ne ya halicce shi, mace ce ta yi wahalarsa, kuma ta hannuna abin da ya kashe shi ya wuce. Madam Akissi ta ajiye tsintsiyar, ta jawo mini kujera ta kawo ruwa. Ta ce, "To, ba kai ba ne. Amma wa zai rubuta?" Likitan ya ce ya riga ya aiko maka rahoto. Ina jin shi ma yana ƙarƙashin kofin kafe.

Na shida: abin da ƙaryarka ta zama a Adjamé.

Wannan ba ka san shi ba, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Wani direban kamiyo ɗan unguwarmu ya kai labarin Bracodi. Na shirya wa zagi, na ce yau asirina ya tonu, za a ce Ilyasu mai dafa wa alade. Sai ga shi an karɓi maganarka hannu biyu. Aka ce Ilyasu ya shiga kamfanin aladu, ya yi shekara tara yana haƙuri yana jiran lokaci, ya gama da su a wata mai alfarma. Ranar farko aka ce aladu talatin na kashe. Kafin mako ya zagayo sun kai dubu. A masallaci ana tura ni sahun gaba. Mahauci yana ƙara mini tsoka a kan abin da na saya, kuma na karɓa sau biyu, ba zan ɓoye ba, gidan da ba albashi ba ya ƙin tsoka. Liman kaɗai ne ya dube ni ya kau da kai.

Sai Alhaji, babban mai sayar da goro na layinmu, ya aiko a kira ni. Ya ce mutum irina ba zai zauna ba aiki ba yana raye. Ya ce in zo in riƙe masa sito, aikin inuwa, ba hayaƙi, ba ƙura, kusa da gida. Na ce na gode. Na dawo ina lissafin takalman yara.

Mahaifiyata, wadda yanzu ba ta fita sai da sanda, ta kira ni ɗakinta. Ta ce, "Ilyasu, shekara tara kana cin albashin mutanen nan. In ka kashe musu dabbobi, ka ci amana. In ba ka kashe ba, naman da na ci jiya na ƙarya ne. Wanne ne?" Na gaya mata. Ta ce to in je in gaya wa waɗanda suke tura ni sahun gaba.

Saboda haka, jama'ar Bracodi, ku ma ku ji. Ban kashe su ba. Shekara tara ina ciyar da 'ya'yan alade, kuma na iya aikin, da yawa sun girma sun yi ƙiba ta dalilin haƙorana. Ban yi alfahari da shi a gabanku ba, amma ban ci amanarsa ba. Wanda ya ƙara mini tsoka ya zo ya karɓi kuɗinsa.

Abin da nake nema daga gare ka, Mushe Darakta:

Ka janye takardar nan ka rubuta wata. Ba sai ka yabe ni ba. Ka ce ma'auni ya lalace, an ƙara wa ganga gudu bisa umarninka, Ilyasu ya yi gargaɗi a rubuce.

Buhuna masu jan layi na watan azumi da suka rage a sito, kada ka sayar. Na san suna nan, na kuma san an fara juya su ta yadda lambar watan za ta kalli bango.

Ka je wurin Madam Akissi da ƙafarka, ba da direba da ambulan ɗin kuɗi ba. Ka naɗe wando ka shiga, akwai abin kallo.

Ka saya wa wanda ya gaje ni 'yar kwalbar nan. Ban san shi ba, amma na ji an ce bai taɓa tauna ɗanyen wake ba a rayuwarsa.

Ban roƙi ka mayar da ni aiki ba. Alhaji yana jirana ranar Litinin da makullan sito. Wannan wasiƙa za ta riga ni, domin ni zan miƙa masa ita da hannuna ranar Juma'a in an sauko. Daga ranar ba ni da aiki a Treichville saboda an ce na kashe aladu, ba ni da aiki a Adjamé saboda ban kashe su ba. Ta Adjamé ni na jawo wa kaina, zan ɗauka. Ta Treichville kuwa layi uku ne da sa hannunka.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya albarkaci iyalinka, ya tsare 'ya'yanka daga shugaban da zai nuna su da yatsa ranar da abu ya ɓaci.

Wassalam.

Ilyasu mai gashin wake,
Bracodi, Adjamé.